Diyyar da Ba a Biya Fadama Ba

'Yan'uwa mazauna birane, da yawanku kun tashi kun tarar da gulbin Rima yana tafiya da umurnin ma'aikata. Mu da muka riga ku ganin duniya mun san lokacin da damina ce kaɗai ke yi masa izini. Tun zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa a Wurno, inda aka yi masa makwanci a 1837, arzikin wannan ƙasa a fadama yake. Ruwa ya cika ya malala, tarwaɗa da ƙarfasa su bi shi su yi ƙwai cikin ciyawa, shinkafa ta tashi tare da shi. In ya janye, Fulani su sauko da shanu kan burugu, dinya da gauraka su cika tafkuna.

A 1978 aka kammala madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato, wanda ke ratsa ƙasar Rabah, sai malalar ta ragu. Manoma da dama suka bar shinkafa suka koma gero da dawa, masunta suka rataye koma. Madatsar Goronyo kuwa an gama ta a 1984, aka buɗe ta a 1992, tana iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Ba mu musun alherinta, don albasa da tafarnuwar rani shaida ne, birnin Sakkwato ma daga nan yake sha.

Sai dai lissafin diyya na wancan zamani gona da gida da itacen da ke da mai shi kaɗai ya sani. Kifi da tsuntsu da burugu ba su da wakili a gaban masu awo. Dokar da ta wajabta auna illar manyan ayyuka ga muhalli ma a 1992 ta fito, bayan aikin gama ya gama.

Yau ƙa'idar da masana suka tsayar ita ce, wanda ya ɓata mazaunin halittu ya raya kwatankwacinsa. An taɓa gwadawa a arewacin Kamaru. Madatsar Maga ta 1979 ta busar da fadamar Logone, amma a 1994 aka buɗe wa ruwa hanya da gangan, ciyawa da kifi suka fara dawowa. Irin wannan muke roƙon shugabannin ƙungiyarmu su kai gaban Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima: a zauna da sarakunan ruwa da arɗo-arɗo, a tsayar da makonnin da za a riƙa sakin ruwa domin fadama.