Kumburin jijiyar hanta: cutar da ba a cika gani ba

Jijiyar da likitoci ke kira veine porte da Faransanci ita ce ke kwaso jini daga hanji da saifa ta kai shi hanta. Faɗinta ga mai lafiya bai cika wuce milimita 13 ba. Idan wani ɓangarenta ya buɗe kamar jaka har ya zarce santimita 2, likitoci na kiran wannan kumburi anévrisme. Likitoci biyu, Barzilai da Kleckner, su ne suka fara bayyana shi a 1956, kuma har yau ba kasafai ake cin karo da shi ba.

Wasu da shi ake haihuwarsu, amma ga da yawa tushensa ciwon hanta ne da ya daɗe. Idan hanta ta ƙandare, wato siroz, jini ba ya samun hanyar ratsa ta da sauƙi. Sai ya taru a baya, matsinsa ya hau, bangon jijiyar ya yi rauni ya buɗe. An fi ganin haka a mahaɗar jijiyar saifa da ta hanji, ko inda jijiyar ta rabu biyu. A Afirka ta Yamma, ciwon hanta nau'in B ne kan gaba wajen kawo siroz. Giya da nau'in C ma na kawo ta.

Sau da yawa maras lafiya ba ya jin komai, sai an yi masa ekografi don wani dalili a gano shi. Wasu na fama da ciwon ciki. Haɗarinsa shi ne jini ya daskare a ciki, ko jakar ta danne bututun maɗaciya idanu su yi rawaya, ko kuma ta fashe, abin da ba ya faruwa da yawa.

Idan kumburin ƙarami ne kuma ba ya damun mutum, likita na bibiyarsa da ekografi lokaci zuwa lokaci. Ana ba da maganin hana daskarewar jini idan ya daskare, tiyata kuwa sai yana girma ko ya fashe. Babban aikin shi ne kula da hantar kanta: gwajin nau'in B, barin giya, da riga-kafin yara. Amai da jini, baƙin kashi ko ciwon ciki mai tsanani ga mai ciwon hanta alamu ne na a garzaya asibiti nan take.