Kiɗan Hailaif a Birnin Ankara

Birnin Akra, wanda Hausawan Zango suke kira Ankara, yana bakin teku ne a ƙasar Gana, wadda a dā ake ce mata Gwalkwas. A nan ne kiɗan hailaif ya yi ƙarfi.

Wajen shekarun 1920, manyan ma'aikata da attajirai sukan taru da dare a gidajen rawa, sanye da kwat da dogayen riguna. Kuɗin shiga ya fi ƙarfin talaka, sai dai ya tsaya a waje yana saurare. Waɗannan 'yan kallo su ne suka raɗa wa kiɗan suna hailaif, wato rayuwar manya.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Ingila da Amurka suka cika garin, suka kawo salon kiɗansu. Wani saurayi mai busa ƙaho, E. T. Mensah, wanda aka haifa a 1919, ya koyi wannan salo. Da ya zama shugaban ƙungiyar Tempos, sai ya gauraya shi da kiɗan gida, ana waƙa da harsunan Ga da Tuwi. Faya-fayansa suka bazu har Nijeriya. A 1956 Louis Armstrong ya zo daga Amurka, suka yi busa tare a gidan rawa na Paramount. Da Gana ta sami 'yancin kai ran 6 ga Maris 1957, hailaif ya riga ya zama na kowa.

Amma komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo. Tattalin arziki ya lalace a shekarun 1970. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1981 aka kafa dokar hana fita da dare har fiye da shekara biyu, aka kuma ɗora haraji mai nauyi kan kayan kiɗa. Gidajen rawa suka mutu, makaɗa suka rasa abinci. Waɗansu suka tafi Legas, waɗansu Jamus.

Da yawa kuwa suka nufi majami'u, inda ake kiɗa da rana, harajin kuma bai shafe su ba. Suka shiga da jita da ganguna, mata kuma suka sami damar jan waƙa ba tare da zargi ba. Ta haka kiɗan da aka taɓa hana talaka shiga wurinsa ya koma na yabon Allah a ɗakin da ƙofarsa ke buɗe ga kowa. Mensah ya rasu a 1996.