Tsohon Ɓera da Waken Kalaba

Ɓeran ɗakin gwaji ba ya daɗewa bai tsufa ba. In ya kai wata 24, ya zama dattijo. Abin da ya sha wa masana kai shi ne yadda za su gane ko mantuwa ta kama shi.

A 1979 wata masaniya a Kanada, Carol Barnes, ta samo dabara. Ta kafa faffaɗan tebur zagayayye, ta huda ramuka a gefensa, ta haske shi da fitila. Ɓera ba ya son sarari, dole ya nemi maɓoya, amma rami ɗaya tak ke da akwati mai duhu a ƙarƙashinsa. Ƙananan ɓeraye kan riƙe wurin da wuri. Tsofaffin kuwa sai su yi ta leƙe daga wannan rami zuwa wancan, kamar mai neman makullin da ya ajiye jiya. A 1981 Richard Morris na Jami'ar St Andrews ya zo da tasa dabarar: kwarmin ruwa da aka gurɓata da madara, da ɗan dandamali ɓoye a ciki.

Saura magani. A 1982 Raymond Bartus da abokan aikinsa suka bayyana a mujallar Science cewa raunin sinadarin asetilkolin a ƙwaƙwalwa na da hannu a mantuwar tsufa. Ɗaya daga cikin magungunan da Bartus ya gwada a kan tsofaffin birai, fisostigmin, asalinsa Najeriya ne. Daga waken Kalaba ake samunsa, wanda mutanen Efik ke kira esere, a da kuma suke shayar da wanda aka zarga da maita: in ya amayar, ya kuɓuta, in ya mutu, laifi ya tabbata. Masana a Jamus suka tace fisostigmin daga waken a 1864.

Biran da Bartus ya ba maganin sun ɗan samu sauƙi, sai dai kowane biri da nasa awon, kuma da an ɗan zarce, amfanin ya gudu.

Ta wannan hanya aka kai ga takrin, wanda Amurka ta amince da shi a 1993 don cutar Alzheimer, ya zo yana taɓa hanta. Donepezil na kamfanin Eisai na Japan ya biyo baya a 1996. Yana rage alamun cutar na wani lokaci, ita kuwa tana ci gaba da cin ƙwaƙwalwa a ƙarƙashi.