Tarihin hanyar gaggawa da ta ko-ta-kwana a direban i915

Direban i915 manhaja ce da ke sarrafa na'urorin zane na kamfanin Intel a cikin Linux. Wasu na kafa tarihin tsarin memorinsa, GEM, daga watan Mayun 2008, lokacin da Keith Packard da Eric Anholt suka gabatar da shi. Amma Disambar shekarar ta fi cancanta, domin sai da ya shiga Linux 2.6.28 ne jama'a suka fara aiki da shi.

Tushen matsalar da ta haifar da hanyoyin biyu ƙarancin wuri ne. Na'urar zane tana buɗe wa furosesa taga, galibi mai megabait 256, wadda ake rubutu ta cikinta. A kwamfuta mai bit 32 kuwa, adireshin da aka ware wa irin wannan aiki bai wuce megabait 128 ba. Sai Packard ya kawo io_mapping, mai ɗauko shafi guda na kilobait 4, a rubuta, a sake shi nan take; wannan ce hanyar gaggawa. Sharaɗinsa shi ne ba a jira muddin ana riƙe da shafin. Idan bayanan da za a kwafa ba sa cikin memori a lokacin, kwafin ya faɗi ke nan, sai direba ya koma hanyar ko-ta-kwana mai tafiyar hawainiya.

A nan gizo ke saƙar. Hanyar ta biyu tana neman makullin mmap_sem alhali tana riƙe da makullin struct_mutex, wani sashen direban kuma yana ɗaukar su a juye, don haka ayyuka biyu kan iya yin cirko-cirko, kowa na jiran ɗan'uwansa. A 2009 Anholt ya gyara wannan: a saki struct_mutex, a kafe shafukan mai amfani da get_user_pages, sannan a dawo a kwafa. Gyaran ya yi aiki, amma ya bar tulin layuka masu maimaita juna waɗanda ba kasafai ake bi ta kansu ba, kuma a irinsu ne kuskure ya fi daɗewa a ɓoye. Daniel Vetter ya sake fasalinsu a 2012.

A 2021 aka rufe kiran pread da pwrite, waɗanda ke amfani da waɗannan hanyoyin, ga na'urorin da suka biyo bayan samfurin Tiger Lake na Intel. Sabon direban Intel mai suna Xe, wanda ya shiga Linux 6.8 a 2024, bai zo da su ba.