Kura da Shan Bugu: Tarihin Harold Larwood, Ɗan Mahaƙan Kwal

A Arlit ba a buga kurket, haka ma a Akokan da Agadas. Faransa ƙwallon ƙafa ta bar mana, kokawa kuwa tamu ce tun kaka da kakanni. 'Yan'uwanmu na Nijeriya ne suka ɗan san wasan, domin Turawan Ingila sun shigar da shi makarantu irin su Kwalejin Katsina. Duk da haka na daɗe ina son in kawo wa malamai da iyaye tarihin wani ɗan wasan kurket na Ingila, saboda duk wanda ya tashi a garin haƙar ma'adinai, ya ga mahaifinsa yana dawowa daga aikin dare da ƙura a gira, zai gane mutumin nan tun kafin a kai rabin labarinsa.

Sai an ɗan san wasan kafin a gane abin da ya faru. Ƙungiya biyu ce, kowace da mutum 11. A tsakiyar fili akwai wani dandali mai tsawon kimanin mita 20, an kafa itatuwa uku a kowane ƙarshensa. Mutum ɗaya yana tsaye gaban itatuwan da faffaɗar sanda yana kare su, wani kuma ya sheƙo a guje ya jefo masa ƙwallo. Ƙwallon na fata ne, mai tauri kamar dutse, nauyinsa wajen giram 160. Idan ya kaɗe itatuwan, ko mai sanda ya daka shi wani ya cafe kafin ya taɓa ƙasa, to mai sanda ya fita. Idan kuwa ya dake shi ya yi nisa, sai ya ruga ya tara maki. Masu jifa iri-iri ne, akwai masu dabarar murɗa ƙwallo, akwai masu ƙarfin tsiya. Larwood na cikin na biyun, kuma ana ƙiyasin jifansa ya kan haura gudun kilomita 140 a awa. A zamaninsa babu hular kwano, sai a ƙarshen shekarun 1970 aka fara sa ta.

An haife shi ranar 14 ga Nuwamba, 1904, a ƙauyen Nuncargate da ke lardin Nottinghamshire, shi ne na huɗu cikin 'ya'ya maza biyar. Mahaifinsa Robert mahaƙin kwal ne, mai riƙo da addininsa, ba ya shan giya, kuma shi ne shugaban ƙungiyar kurket ta ƙauyen. Kwal ɗin nan shi ne irin wanda ake haƙa a Anu Araren kusa da Cirozerin, wanda ke ba mu wuta a nan Arlit, sai dai nasu a can ƙarƙashin ƙasa yake. Harold ya bar makaranta yana da shekara 13. Yana cika 14 ya shiga ramin Annesley, aikinsa kora ƙananan dawakin da ke jan kurar kwal cikin duhu. Daga baya ya koma aikin dare a wani ramin. Ranar Asabar kuwa, ko ya yi barci ko bai yi ba, yana fili yana jifa.

A 1923 mahaifinsa ya kai shi gwaji filin Trent Bridge, gidan ƙungiyar lardin. Yaro ne gajere, siriri, har masu gwajin suka yi ta kallonsa da mamaki. Suka ɗauke shi a kan sule 32 a mako, daidai abin da yake samu a rami. A nan ya faɗa hannun wani malami mai suna James Iremonger, kuma ni a matsayina na malami nan ne wurin da na fi so a tarihinsa. Iremonger bai ce yaro yana da baiwa ya zura masa ido ba. Ya gyara masa gudu taki bayan taki, ya gina masa jiki, ya matsa masa a kan saiti har sai da ya iya sauke ƙwallo inda ya ga dama. Masu jifa da ƙarfi suna da yawa, amma wanda ya haɗa ƙarfi da saiti irin nasa ba a cika samu ba. Wannan saitin da malaminsa ya dasa masa shi ya ɗaukaka shi, shi ne kuma ya sa aka zaɓe shi don aikin da ya ci shi. Cikin shekara uku, a 1926, ya shiga ƙungiyar ƙasar Ingila.

Kurket na Ingila a lokacin hawa biyu ne. Akwai 'ya'yan manya masu wasa don sha'awa, waɗanda ba sa karɓar albashi, akwai kuma talakawa irin su Larwood masu cin abinci da shi. Ƙungiya ɗaya suke, amma a filaye da yawa ɗakin sauya kaya daban, ƙofar fitowa fili daban, har yadda ake rubuta sunayensu a takardar wasa daban. Shugabancin ƙungiyar ƙasa na 'ya'yan manya ne, sai a 1952 aka ba ɗan albashi, Len Hutton, kuma ba a soke rarrabewar ba sai 1962. Mutumin Arlit ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Garin da aka gina shi a ƙarshen shekarun 1960 saboda yuraniyom, tun daga tushe an ware unguwar manyan ma'aikata, an ware ta leburori, sauran jama'a kuma suka yi bukkokinsu a gefe.

Babbar hamayyar Ingila a wannan wasa da Ostareliya ce, a gasar da suke kira Toka, wadda ta faro tun 1882. A 1930 Ostareliya ta zo Ingila da wani saurayi ɗan shekara 21, Don Bradman, ya tara maki 974 a wasanni biyar, har da 334 a shiga ɗaya a garin Leeds. Har yau ba a karya wannan adadi na 974 ba. Larwood ma ya sha kashi a hannunsa a shekarar. Da Ingila za ta je ramuwa a 1932, sai hukumar wasan ta lokacin, MCC, ta naɗa Douglas Jardine shugaba. An haifi Jardine a Bombay, ya yi makarantar Winchester da jami'ar Oxford, mutum ne mai taurin kai da sanyin fuska. A watan Agusta 1932 ya gayyaci Larwood da abokinsa Bill Voce, shi ma tsohon mahaƙin kwal ne, cin abinci a otal ɗin Piccadilly a Landan, tare da shugaban ƙungiyarsu Arthur Carr. Ya tambaye su ko za su iya jifa saitin jikin mai sanda, ƙwallo ya daki ƙasa ya taso zuwa haƙarƙari da kai, a jere masu cafka a kusa da shi ta ɓangaren ƙafarsa. Mai sanda sai ya zaɓa: ko ya bari ƙwallo ya same shi, ko ya kare kansa da sanda a cafe. Dokar wasa ba ta hana ba. Suka ce za su iya.

Dabarar ta yi aiki. A wasan farko a Sydney Larwood ya fitar da mutum 10. 'Yan jaridar Ostareliya suka raɗa wa salon suna Bodyline, wato jifan jiki. A wasa na uku, a Adelaide, ranar 14 ga Janairu, 1933, gaban 'yan kallo sama da dubu 50, ƙwallon Larwood ya sami shugaban Ostareliya Bill Woodfull a saitin zuciya, ya saki sanda ya dafe ƙirji. Jardine ya ɗaga murya ya yaba wa Larwood, kuma da aka dawo jifansa sai ya jera masu cafka kusa da mutumin da bai gama farfaɗowa ba. Bayan kwana biyu ƙwallo ya goga sandar Bert Oldfield ya same shi a kai, ƙashin kansa ya tsage. Oldfield da kansa ya ce kuskurensa ne, kuma a lokacin ba a ma jera masu cafkar ba, amma wa zai tsaya sauraron wannan? Saura kaɗan 'yan kallo su ɓalle cikin fili.

Ranar 18 ga Janairu hukumar Ostareliya ta buga wa MCC tangaraho tana cewa wannan ba ɗabi'ar wasa ba ce. Manyan Landan, waɗanda ba su ga komai da idonsu ba, suka fusata, suka ce suna da cikakkiyar amincewa da shugabansu da ƙungiyarsu. Magana ta kai ga gwamnatoci. Lokacin karyewar tattalin arzikin duniya ne, Ostareliya na da bashin Landan a wuya, har sai da firaministanta Joseph Lyons ya sa baki hukumar ta sassauta. Ingila ta ci wasa 4 cikin 5. Larwood ya fitar da mutum 33. Bradman, wanda matsakaicin makinsa na duk rayuwa 99.94 ne, ya sauko zuwa wajen 56 a wannan gasa.

A wasan ƙarshe a Sydney abubuwa biyu suka faru da ba na mantawa. Larwood ya riƙe sanda ya tara maki 98, kuma 'yan kallon nan da suka yi wata biyu suna zaginsa suka miƙe tsaye suna yi masa tafi. Sannan ƙashin ƙafarsa ta hagu, wadda yake dira a kanta duk jifa a kan busasshiyar ƙasar Ostareliya, ya samu rauni. Jardine ya hana shi fita daga fili muddin Bradman na ciki, don kada Bradman ya samu natsuwa. Ya tsaya yana ɗingishi har aka fitar da Bradman, suka fice tare. Bai san ranarsa ta ƙarshe ke nan da rigar Ingila ba, yana da shekara 28.

An tarbe shi a gida kamar gwarzo, amma iska ta juya da wuri. A bazarar 1933 'yan West Indies suka zo Ingila, Learie Constantine da Manny Martindale suka yi wa 'yan Ingila irin wannan jifa a Manchester, haɓar Wally Hammond ta fashe. Da manya suka ga abin a jikin nasu, sai ya daina yi musu daɗi. Ga kuma Ostareliya za ta zo a 1934, da 'yan kallo da kuɗin ƙofa. Ana neman wanda za a ɗora wa laifi. Jardine ya riga ya janye daga shugabanci da kansa. Sai aka aiko wa Larwood, ta hannun attajirin lardinsu Sir Julien Cahn, cewa ya sa hannu a takardar neman gafara idan yana son komawa ƙungiyar ƙasa. Ya ƙi. Hujjarsa ita ce umarnin shugabansa ya bi, hukumar kuma da bakinta ta goyi bayan shugaban.

Ba na cewa hannunsa fari tas yake. Ya san ƙwallon nan yana iya kisa, ya kuma jefa shi da zuciya ɗaya. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma a duba yadda aka raba sakamako. Pelham Warner, manajan tafiyar, ya samu sarautar Sir a 1937. Gubby Allen, ɗan manya da ya ce wa Jardine shi ba zai yi jifan jiki ba, ya zama shugaban ƙungiyar a tafiya ta gaba. Allen ya iya cewa a'a domin ba da wasan yake ci ba. Da ɗan albashi ne ya faɗi haka, ramin kwal na jiransa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai kuma wani ɓangare da ya shafe mu mu masu alli. Abin da ya ƙara tunzura manya a kansa shi ne rubuce-rubucen da suka fito a jaridu da wani littafi da sunansa a 1933 da 1934, masu zafi, suna caccakar 'yan Ostareliya da masu mulkin wasan. Mutumin da ya bar aji yana shekara 13, 'yan jarida ne suka riƙe masa alƙalami, su kuwa abin da zai sayar da jarida suke nema. A ɗakunan da aka yanke hukuncinsa babu mai magana da yawunsa. Nakan tuna wannan idan uba ya zo ya ce min zai cire yaro daga makaranta saboda yana da ƙafar ƙwallo, ko ya samu wurin koyon tuƙin babbar mota, ko zai bi 'yan zinariya zuwa Cibarakaten. Yaron zai iya yin suna, ban musa ba. Tambayar da nake yi wa uban ita ce wa zai karanta masa takardar da za a miƙo masa ya sa hannu. Lokacin da aka rufe ramin Akuta ranar 31 ga Maris, 2021, bayan fiye da shekara 40 ana haƙa, mun ga bambancin wanda sunansa ke cikin rajistar kamfani da ɗan kwangilar da ya shiga rami ɗaya da shi.

Larwood ya ci gaba da yi wa lardinsa wasa har 1938. Ya tashi da mutum 1,427 da ya fitar a manyan wasanni, 78 daga ciki a wasanni 21 da ya yi wa ƙasarsa. Dokar wasan ma an gyara ta saboda shi: a 1935 aka ba alƙalai ikon hana jifan tsoratarwa, daga baya kuma aka ƙayyade yawan masu tsayawa bayan mai sanda ta ɓangaren ƙafarsa. Bayan yaƙin duniya na biyu ya sayi ɗan kantin alewa a garin Blackpool, ya ɓuya a ciki.

Wanda ya je ya nemo shi a kantin a 1948 shi ne Jack Fingleton, ɗan Ostareliya, ɗaya daga cikin waɗanda ƙwallonsa ya farfasa wa jiki a 1932, wanda ya koma aikin jarida. Ya ce masa ya taho Ostareliya. A Afrilu 1950 Larwood ya kwashi matarsa Lois da 'ya'yansa mata biyar suka hau jirgin ruwa Orontes, jirgin da ya kai shi can shekara 18 da suka wuce. Ya zauna a unguwar Kingsford a Sydney, ya kama aiki a kamfanin lemon kwalba har ya yi ritaya. Bai taɓa zagin Jardine ba. Yana ajiye da wani farantin zuba tokar taba da Jardine ya ba shi da rubutun godiya a jiki, yana nuna wa baƙi.

A 1993 gwamnatin John Major, wanda shi ma mai son kurket ne, ta ba shi lambar girma ta MBE, shekara 60 bayan Adelaide, lokacin idonsa ya kusa rufewa. Ya rasu a Sydney ranar 22 ga Yuli, 1995, yana da shekara 90. Ramin Annesley da ya fara kora dawaki a ciki ya ƙara shekara biyar bayansa, aka rufe shi a 2000.