Hadda ce ke Haifar da Satar Fasaha? Martani ga Wani Ra'ayi

Tun bayan maƙalar Colin Sowden (2005) a mujallar ELT Journal, ra'ayin cewa al'ada ce ke tura ɗalibi satar fasaha ya samu gindin zama. A kan ɗaliban Asiya masu karatu a ƙetare ya fi yin magana, kuma Dilin Liu ya mayar masa da martani a shekarar. Abin da ya dame ni shi ne yadda wasu abokan aikinmu suka ɗauko hujjar sukutum suka ɗora wa makarantar allo, wai wanda ya tashi da hadda bai san magana tana da mai ita ba.

Da wuya wannan ya tsaya da ƙafarsa. A wurin Sowden, girmama maganar malami kan sa ɗalibi ya kwashe ta bai ambaci sunansa ba. A zaurukanmu kuwa ambaton sunan shi ne girmamawar. Duk wanda ya buɗe Sirajul Ikhwan na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo zai ga yana ciro dogayen sassa daga amsoshin da al-Magili ya ba Askiya Muhammad na Songhai. Yana faɗin inda ya ciro su, kuma al'adar marubutan zamanin ce su sa "intaha" a ƙarshen maganar wani, don kada ta gaurayu da tasu. Ƙaninsa Abdullahi ya keɓe littafi guda, Ida'un Nusukh, ga malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Suyuɗi ma (ya rasu 1505), wanda ya aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙa, yana da risala, Al-Fariƙ bainal Musannif was Sariƙ, da ya rubuta musamman don tona asirin wani da ya kwashe masa aiki.

Mai bin ra'ayin Sowden zai ce, to Magana Jari Ce (1937) fa? Gaskiya ne Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai bai sa madogara a ƙasan kowane labari ba. Amma wannan hikaya ce, hukuncinta daban da na littafin ilimi, kuma Imam sassaƙa labaran ya yi har suka zama na Hausa. Ɗalibin da ya sauya suna da shekara a bangon kundin wani bai sassaƙa komai ba.

Dole dai in taƙaita da'awata. Hujjojin nan sun shafi masu karatun littattafai ne a zaure, alhali yawancin ɗaliban jami'a ba su kai wannan mataki ba. Iyakar abin da suka tabbatar shi ne gadon bai koyar da sata ba. Inda nake zargi, a ganina, ya fi kusa da mu: 'yan takardun darasi da wasu malamai ke rabawa babu sunan marubuci ko guda, sannan su ba da maki ga wanda ya amayar da su kalma da kalma. Manhajar Turnitin mai gano satar fasaha ba ta ganin wannan, kamar yadda ba ta ganin tsofaffin kundayen da ke jibge a kantocin sassan Hausa ba a taɓa shigar da su kwamfuta ba.