Fansho: Daga Dokar Bature Zuwa Shingen Magama

Yau zancen tsufa za mu yi. Na san wani zai ce, mu da ko aure ba mu yi ba, ina ruwanmu da fansho? Ku yi haƙuri ku bi ni.

Duk wanda ya san hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san Magama ta Jibiya, inda ake tsallakawa zuwa Ɗan Isa. Mutane iri biyu ne ke cin abinci a wannan shinge. Akwai jami'in kwastan da na shige da fice, masu albashi da lambar aiki. Akwai kuma direba, ɗan dako, ɗan canji da mai shayi. Duka za su tsufa in da rai, amma tarihi bai yi musu tanadi iri ɗaya ba.

Kafin zuwan Bature, fanshon Bahaushe shi ne gandu: gona, dabbobi da 'ya'ya. Dattijo ya gaji, manyan 'ya'ya su karɓi garma, a ci gaba da ci daga rumbu ɗaya. Fansho na takarda ya kafu ne da dokar 1951, wadda aka mayar da aikinta baya zuwa Janairun 1946, kuma ma'aikatan gwamnati ta shafa. A 1979 aka yi dokar soja mai lamba 102, ta ɗora nauyin duka a kan baitulmali. A ƙarƙashin wannan tsohon tsari, wanda ya cika shekara 35 yana aiki zai samu garatuti, sannan kashi 80 cikin ɗari na albashinsa na ƙarshe duk wata, har ya koma ga Allah.

A takarda abin ya yi kyau. A aikace, ba a ware kuɗin a gefe ba, sai abin da kasafi ya bari. Bashi ya taru, tsofaffi suka riƙa kwana a layin tantancewa. Shi ya sa a 2004 gwamnatin Obasanjo ta ɗauko salon ƙasar Chile: kowane ma'aikaci da asusunsa, a cire kashi 7.5 daga albashinsa, mai aiki ya ƙara 7.5, hukumar PenCom ta sa ido. Dokar 2014 ta mayar da shi kashi 8 da kashi 10. Tsofaffin 'yan fanshon kwastan da shige da fice kuwa suna hannun PTAD. Kuma kar mu manta da Abdulrasheed Maina, wanda aka ɗora ya gyara harkar fansho. Ya tsere Nijar, aka kamo shi a ƙarshen 2020, kotu ta ɗaure shi shekara 8 a 2021 kan halasta kuɗin haram.

To ga inda maganar ta shafi gidanku. A sabon tsari, ma'aikaci na iya taɓa asusunsa idan ya yi ritaya kuma ya kai shekara 50, alhali ritayar dole sai shekara 60 da haihuwa ko 35 a aiki. Dokar 2022 ta ɗaga wa malaman makaranta zuwa 65 ko 40. Wanda ya ajiye aiki da wuri, kuɗin da ya tara kaɗan ne, shekarun da zai ci su kuma da yawa. Wanda ya jira, asusun ya ƙara kauri, amma ƙarfin da zai kama noma ko kasuwa ya ragu. Wannan lissafi yanzu a wuyan mutum yake, ba a wuyan gwamnati ba.

Bayan an ba shi wani kaso a dunƙule, hanya biyu ce. Ko kamfanin fansho ya riƙa yanko masa daga asusunsa duk wata, in ya rasu ragowar ta zama gado, amma in rai ya yi tsawo kuɗin na iya ƙarewa. Ko ya miƙa kuɗin ga kamfanin inshora a biya shi har mutuwa, sai dai magada ba su da rabo in ya wuce shekara 10 na lamuni. Daga ta farko ana iya komawa ta biyu, daga ta biyu babu dawowa. Ku tambayi Baba ko an yi masa wannan bayani kafin ya sa hannu.

Wani zai ce ai ba ma daɗewa a ƙasar nan. A'a. Mutuwar ƙananan yara ce ke jawo matsakaicin shekarunmu ƙasa. Wanda ya kai 60 yana iya ƙara shekaru masu yawa, ga magani, ga jikoki, ga tsadar da ta wuce kashi 30 cikin ɗari a 2024.

Shi kuma ɗan dakon Magama fa? An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har Maris 2024. Albashin jami'i bai tsaya ba, kuɗin fanshonsa ma ana lissafa masa. Ɗan dako kuwa akuyar da ya ajiye don tsufa ita ya sayar. Tun 2019 aka buɗe ƙaramin fansho don masu sana'ar hannu, a 2021 aka ƙara asusun da babu kuɗin ruwa, amma sau nawa kuka ji an yi shelarsa da Hausa a tasha?

Ni abin da nake nema wajenku biyu ne. Mai iyaye ma'aikata ya zauna da su a duba bayanan asusu tun kafin ritaya. Mai sana'a kuma ya fara ajiya yau, ko ɗari biyar ce. Tun ran gini ran zane.